Ɗingishin Waƙa ta Huɗu

Tun da na dawo daga Kamaru bakina bai huta ba. Duk wanda ya zo shagona a tura masa waƙa sai ya ja benci ya zauna: "Habu, ya Garwa? Wai da gaske ka ga dorina? To me tsohon ya ce?" Na maimaita labarin har na fara ƙara masa gishiri ban sani ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi gaba ɗaya, wanda ya sake tambayata in miƙa masa ya karanta, ni kuma in ji da sana'ata.

Ga wanda bai san mu ba, aikina tura waƙoƙi da finafinai a waya, a kasuwar Jimeta. Nura taubashina ne, ɗan Kawu Isiyaku, ƙanin mahaifiyata. Shi ne ɗan farin Kawu, don haka ana yaye shi Innarmu ta ɗauko shi daga Kamaru, ɗaki ɗaya muka tashi, kowa yana kiran ɗan'uwansa bawa. Kawu mutumin da ne, ga shi cikin Fulani ya girma. Bai taɓa kiran sunan Nura ba, bai taɓa zama da shi a tabarma ɗaya ba. In ya bugo wa Inna waya, iyakarsa ya ce, "Ya yaran gidan?"

A samartakarsa Kawu makaɗin fiyano ne a wani otal a Garwa, zamanin da ake yayin disko da wando mai faɗin ƙafa. Daga baya ya ajiye kiɗa ya koma Maga noman shinkafa, bai sake ɗaga maganar ba. Abin da ya rage na wancan zamani kaset ɗaya ne a cikin adakar Inna, shi Nura ya yi ta saurara tun yana yaro har zaren ya kusa tsinkewa. Da ya girma ya buɗe ɗan situdiyo, ya duƙufa ya haɗa albam irin na wancan lokaci: fiyano mai amo kamar na tsohon rediyo, gangar inji mai dukan disko, jita mai tsawa, waƙa kuma da Hausa, duk na rawa. Da ya gama, maimakon ya sake shi mu ci kasuwa, sai ya zo shagona ya ajiye mini memori a kan tebur.

"Kai za ka kai wa Baba ya ji," in ji shi.

"Ka ji bawa da aiken ubangidansa! Ƙafafunka ciwo suke?"

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Habu, ba zan iya zama gabansa ana kunna wannan ba. Kuma har yau ban san abin da ya raba shi da kiɗa ba. Ka je ka duba mini fuskarsa. In ya ɓata rai, ko ya ce bai yi ba, wallahi gogewa zan yi, in sayar da kayan in koma ɗinki."

Na san Nura, ba ya rantsuwa a banza. Na rufe shago, na jefa 'yar sifika da memorin a jaka, na nufi tasha.

Motar Belel irin wadda kuka sani ce, ana cusa mutane har sai ƙofa ta rufu da ƙyar. Muna fita daga gari na ce bari in gwada ruwa. Na kunna sifika na ce, "Jama'a, waƙar ƙanina ce, ku ji ku faɗa mini gaskiya." Kowa ya ce Masha Allah. Wata mata ta ce Allah ya ɗaukaka shi. Wani dattijon Bafillatani da ke maƙale a gefena ya yi ta cewa, "Boɗɗum, boɗɗum," wato ya yi kyau, alhali ya ja rawaninsa ya toshe kunnen da ke wajena. Ni kuwa sai fara'a nake, na ɗauka mun gama cin kasuwa.

A kan iyaka muka sauka, aka duba takardu, muka hau babur muka tsallaka. Su can ba sa cewa acaɓa, moto suke cewa, kuma mai moto ba ya tambayarka ko ka zauna daidai kafin ya fizga. A Demsa wani jandarma dogo ya karɓi takarduna da katin allura ya duba, ya leƙa jaka, ya ɗaga sifika ya ce da Faransanci, "Sa se kwa?" wato mene ne wannan. Na ce waƙa ce, Shef. Ya ce in kunna. Na tsaya a rana ina zufa, shi kuwa yana buga takalmi a ƙasa yana gyaɗa kai. Da Hausarsa ta kasuwa ya ce, "Jita yana da kyau. Amma mai waƙa ya ɓuya bayan kiɗa, kamar yana jin tsoro." Ya miƙo mini kayana ya ce in sauka lafiya. Na ji haushi, don na san gaskiya ya faɗa, kuma bai ma san Nura ba.

Na shiga Garwa da la'asar, ta Gashiga. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne gaisuwa. Ka yi wa mutum sallama da Hausa, ya amsa da Fulatanci, ya faɗa maka farashi da Faransanci, in kun rabu ya yi maka addu'a da Hausa. Burodinsu dogo ne kamar sanda, a hammata ake riƙe shi. Tsire kuma soya suke ce masa. Na ce wa mai tsiren ai waken suya ake kira haka, ya dube ni kamar ni ne baƙon abin, kuma da gaskiyarsa.

Masaukina wani ɗan gidan baƙi ne kusa da kasuwa. Mai gidan Madam Marta, dattijuwa Kirista, mutuniyar kan duwatsu, Hausarta ta fi tawa gishiri. Ta kawo mini tuwon masara da miyar folere, wato yakuwa, da gasasshen kifin Binuwai. Tsamin miyar ya sa na runtse ido, amma ban bar komai a kwano ba. Ina ci ina ba ta labarin yadda mutanen mota suka yaba, sai ta kwashe da dariya.

"Ɗana, ka ce musu ta ƙaninka ce?"

"Na ce."

"To me kake so su ce? A nan ko tuwonka ya ƙone, baƙo cewa zai yi ya ƙoshi ne. In kana son gaskiya, ka kunna ka yi shiru kamar ba ka san mai ita ba. Kunna mini in ji."

Tana tsince shinkafa a faifai tana saurara. Waƙa ta farko ta ce ta yi tsawo. Ta biyu ta ɗan kaɗa kafaɗa. Da aka zo ta huɗu sai hannunta ya tsaya.

Bari in bayyana muku waƙa ta huɗu, don a kanta komai ya rataya. Akwai wurin da fiyano ke hawa sama daki-daki kamar mai hawa matakala, sai ya tsallake taki ɗaya, a ji ɗan shiru, sannan ya dira a na gaba. Duk zagayowar amshi sai ya yi haka. Nura daga kaset ɗin Kawu ya ɗauko wannan salo, kuma da shi ya fi taƙama a duk albam ɗin.

Madam Marta ta ajiye faifai ta ce, "Wa ya kaɗa wannan? Wannan ai tsallen Isiyaku ne!"

Ashe tana budurwa ta yi aikin abinci a otal ɗin da Kawu ke kiɗa. Ta ce in ya zo wurin nan duk masu rawa ɗaga ƙafa ɗaya suke yi, su jira, sannan su dire tare da shi. Ta tashi ta gwada mini da zanenta da tsufanta, har ta kusa ture faifan. Na tambaye ta dalilin da ya sa ya bari. Ta ce ba wanda ya sani, wata rana kawai ya naɗe wayoyinsa ya tafi. Ta ce in gaishe shi, in ce Marta mai soya dankali tana nan da ranta.

Washegari na shiga bas ɗin Marwa. A nan zan yaba musu: sai an kira sunanka kake shiga, kowa da kujerarsa, ba a hawa ta taga. Da muka wuce Pitowa na roƙi direba ya sa memorina a rediyon mota, na ce wani ne ya tura mini, ban san mai ita ba. Na koma kujera na naɗe hannu.

Nan na ji abin da ban ji a motar Belel ba. Wani mai sayen auduga daga Tuboro ya ce kiɗan yana daɗewa kafin a fara waƙa, mutum zai iya yin alwala ya dawo. Wasu ɗalibai biyu, mace da namiji, suka ce wannan shi ne kiɗa, tsohon yayi ne ya dawo, har suna tambayar inda za su samu. Wata uwa mai goyo ta ce ya tuna mata bikin yayarta. Da aka zo ta huɗu, direba ya ɗaga murya ya ce, "Wannan ɗingishi take yi. Kamar mota ce ta faɗa rami."

Ɗalibar ta ce, "Haba Shofa! Wurin nan ne ma ya fi daɗi. Ramet, ramet, maido mana baya!"

Aka maido. Mota ta rabu biyu, 'yan ɗingishi da 'yan daɗi, kowa yana kawo hujja. Ni dai ina riƙe da bakina, har wani Alhaji ɗan kasuwar Kusiri, wanda tun tashinmu yake jan carbi, ya gyara zama ya ce, "Ya jama'a, ku bar batun kiɗa. Shi mai waƙar, muryarsa kamar ɗan akuya ya kwana a ruwa."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Alhaji, ƙanina ne! Kai rera mana taka mu ji!"

Alhaji ya dafa ƙirji ya ce, "Ƙaninka ne? Masha Allah. Ai ta yi daɗi ƙwarai." Mai auduga ya ce shi ma dama wasa yake. Direba ya ce ɗingishin ma na ado ne. Cikin minti ɗaya na ɓata duk abin da Madam Marta ta koya mini, na koma na zauna ina cizon yatsa.

A Figil taya ta yi faci, muka sauka. Garin siminti ne da farar ƙasa, ganyen itatuwan bakin hanya duk sun yi furfura, kafin a gama liƙe taya girata ma ta yi. A nan na ci wani abu da har yau nake tunaninsa: mai shayi ya fasa ƙwai, ya zuba dafaffiyar taliya a ciki, ya soya, ya tura cikin dogon burodin nan. Na ce wannan wace irin ɓarna ce, taliya cikin burodi? Na ci ɗaya na sa aka ƙara mini. Alhajin Kusiri ne ma ya matso da bencinsa muka sha shayi tare, ya rage murya ya ce, "Ka ce wa ƙaninka ya buɗe baki in zai yi waƙa. Muryar tana nan, ɓoye ta yake." Maganar jandarma ke nan ta sake dawowa.

Daga Marwa na canza ƙaramar mota zuwa Maga. Hanyar ba ta da daɗi, kuma ban sake kunna komai ba. Duk ra'ayoyin da na kwaso a hanya ba su da amfani in mutum ɗaya ya ɓata rai.

Maga gari ne na ruwa da shinkafa da kifi. Ga masu tambayar dorina, kunnuwa biyu na hango can tsakiyar tafki, aka ce mini ita ce, na yarda. Kawu ya tsufa fiye da yadda nake zato, ya rame, amma yatsunsa dogaye suna nan. Ya yi murna da ni sosai, ya sa aka yi tuwon shinkafa da miyar kifi, ya tambayi Inna, ya tambayi kasuwa, ya tambayi har maƙwabcinmu mai awaki. Sannan ya kalli gefe ya ce, "Yaran gidan lafiya?"

Bayan la'asar muna zaune a gindin dogon yaro, yana ɗinke bakin wani buhu, na yi ta maza na ce, "Kawu, an ba ni saƙo in kunna maka." Ban faɗi wanda ya ba ni ba, shi ma bai tambaya ba. Na kunna.

Ya saurara tun daga farko har ƙarshe, kansa a sunkuye, basilla tana shiga tana fita. Na zuba wa fuskarsa ido kamar yadda aka aiko ni, ban ga komai ba. A ta huɗu kaɗai na ga basillar ta tsaya, sannan ta ci gaba. Da aka gama ya ƙulle zare, ya ce, "Gobe da wuri zan shiga gona, tsuntsaye sun dame mu." Ya tashi ya tafi alwala.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce a zuciyata, na ƙetare iyaka, na sha ƙurar Figil, na yi faɗa da Alhaji, a ce tsuntsaye? Kuma tsoro ya kama ni, don in na koma na ce wa Nura shiru aka yi, na san yadda zai fassara shirun.

Da safe na bi shi gona. Muna tafe a kan gaɓar da ta raba fadamun shinkafa, shi a gaba ni a baya, sai haƙurina ya ƙare. Na ce, "Kawu, ka yi mini afuwa, amma akwai mutum a Jimeta da ba ya iya cin abinci saboda kai. Ya rantse in ba ka so ba zai goge aikin nan ya sayar da kayansa. Ni ba zan koma da shiru ba. Ko zagi ne ka ba ni in kai."

Ya tsaya, bai juyo ba. Can ya ce, "Sifikar tana jikinka? Sa mini ta huɗu."

Muka tsuguna a kan gaɓa na kunna. Da aka zo wurin tsallen ya ɗaga hannu na tsayar. Sai na ga kafaɗunsa suna rawa. Na ɗauka kuka yake, ashe dariya ce, irin wadda ke zuwa da ƙwalla.

"Habu, wannan ba salo ba ne. Maɓalli ne ya mutu."

Na ce, "Na'am?"

"Fiyanon otal ɗin, maɓalli ɗaya a sama ya daina kuka. Mai otal ya ce a yi haƙuri, kayan gyara sai daga Turai. In na zo wurin, ba abin da zan taɓa, sai in tsallake. Kullum in na tsallake sai na ji kamar an cire mini haƙori. Mutane kuwa suka mai da shi rawa." Ya goge ido da hannun riga. "Yanzu a ce mutum yana da fiyano lafiyayye, ya zauna ya koyi gurguntakata har ya fi ni iyawa."

Na ba shi saƙon Madam Marta, ya yi murmushi ya ce dankalinta ya sha ƙonewa. Da na ga ya sake, sai na tambaye shi abin da Nura bai taɓa iya tambaya ba. Na ce ko kiɗan ne ya ga haramun ne, ko wani abu aka yi masa. Ya girgiza kai.

"Kiɗa bai yi mini laifi ba. Sauran maɓallan ne suka bi ɗan'uwansu ɗaya bayan ɗaya, otal ya fara ja da baya. Ana cikin haka aka yi haihuwa a gidan." Ya tsinki ganyen shinkafa yana murzawa. "Jariri ba ya cin tafi. Na zo inda ake samun abinci."

Haihuwar da yake nufi ta Nura ce.

Kawu ya ce, "Wayarka tana ɗaukar magana? Danna." Na danna. Ya gyara murya, ya rera hawan nan da hanci, daki-daki, a tsakiyar gona, tsuntsaye suna shawagi a kanmu. Da ya zo wurin da kowa ya san shiru, bai tsallake ba. Ya sa sautin da ya ɓace, ya ja shi ya ɗan daɗe a kansa, sannan ya dira. Sai ya ce, "Ka ce wa mai kiɗan ya cike gurbin nan. Ya kuma ɗaga murya, ba sata yake yi ba. Sauran kada ya taɓa musu komai."

Ran da zan taho na nemi sifika da memori na rasa. Kawu ya ce, yana kallon wani wuri, "Na ga jakarka ta yi nauyi, hanya kuma da nisa." Na bar masa.

Dawowa ba wani labari, sai dai moto ya watsa mini taɓo a Gashiga, kuma Madam Marta ta ƙi yarda da batun maɓalli, ta ce Isiyaku ya faɗi abin da yake so, ita dai ta san rawar da ta taka. Na iso Jimeta na tarar da Nura zaune a ƙofar shagona. Ko sannu da zuwa bai yi mini ba, ya ce, "Ya ambaci sunana?"

Na ce, "Ina! Ai ka san shi. Ungo, bawa, saƙonka."

Ya kara wayar a kunne. Na ga ya saurara, ya maido baya, ya sake saurara, sannan ya juya mini baya ya fuskanci bango. Na ƙyale shi, na shiga share shagon da ba ya bukatar shara. Tun da aka haife shi, wannan ne karo na farko da ubansa ya aiko masa da wani abu shi kaɗai.

Albam ya fita, kuma kun ji shi, tunda a wurina kuke karɓa. Nura ya ɗaga murya kamar yadda jandarma da Alhaji da Kawu suka ce. Sauran bai taɓa musu komai ba. Gurbin ta huɗu kuwa ya cike shi, amma ba da fiyano ba. Muryar Kawu ya yanko daga wayata ya dasa a wurin, har da ɗan kukan tsuntsu a bayanta. In kun kai wurin ku ƙara sauti ku kasa kunne: fiyanon Nura zai hau, tsoho ya karɓa da hanci, fiyano ya dira. Ni da na tashi ɗaki ɗaya da Nura, a nan kaɗai na taɓa jin shi da ubansa wuri ɗaya.